Geron Kusurwar Gabas

Ni dai ba manomi ba ne, kuma ban taɓa cika bakin cewa ni manomi ne ba. Tun ina saurayi ni da fartanya muka gane ba ma shiri, muka rabu lafiya. Sunana Isyaku, tifa nake ja, a Wudil nake zaune da iyalina, amma gidanmu Indabo ne, can gonar Babanmu take. Da Baba ya rasu ba mu raba ta ba. Yayana Dalhatu ya ci gaba da noma ta gandu, ni kuma aka bar mini aiki guda, wato kawo taki.

Wanda bai san ƙasar Kano ba zai yi mamaki, amma in bazara ta yi za ka ga manoma tsaye a bakin titi suna ɗaga wa motar shara hannu. Sharar birni suke so. Tokar murhu, kashin awaki da na kaji, ɓawon rogo, duk abin da matan Kano suka share suka zubar a juji. A juye wa mutum a bakin gona, ya zauna ya tsince leda da kwalba da gwangwani, ya loda wa jaki a mangala, ya rarraba ta tsibi-tsibi a cikin gonar, sannan ya jira ruwa. Na daɗe ina jan motar shara, kuma duk bazara lodin farko na Indabo ne. Shi ne hannuna a gandu. In kaka ta yi Yaya ya aiko mini da gero da dawa, ban taɓa tambayar nawa ne ba, shi ma bai taɓa tambayar lodi nawa na kawo ba.

Shekarar da soja za su miƙa wa farar hula mulki abin ya rikice. Tun kafin zaɓe motocin shara suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya, wai ba mai sa hannu a gyara sai sabuwar gwamnati ta hau. Tawa aka ɗora ta kan duwatsu, aka kwance tayoyin. To ni ina da mata, Hanifa, ga yara, cikinsu bai san wata rantsuwar kama mulki ba. Sai na karɓi aikin da direbobi suke gudu, a wani kamfanin jimar fata a Kano. Lakar da take taruwa a ƙasan tankunan jima ita zan riƙa kwashewa, in kai ta wani tsohon ramin burji can gaba da Wudil, inda aka ba kamfanin izinin zubawa.

Ranar da na fara, mai kula da tankunan, wani dattijo da tari ba ya barinsa, ya miƙo mini takalmin roba da safar hannu. Ya ce, "Malam direba, wannan ba shara ba ce. Kada ka ci abinci ba ka wanke hannu da sabulu ba. Kada ka yi barci a cikin motar. Kada ka wanke ta kusa da kogi. Kuma don girman Allah kada ka bari ta taɓa ƙasar da ake ci." Na tambaye shi me ke ciki. Ya faɗi sunan wani maganin Turawa da ake jima da shi, sunan bai zauna a kaina ba. Abin da ya zauna shi ne da ya ce maganin ne yake hana fata ruɓewa har abada, sai in yi tunanin me zai yi in ya shiga cikin mutum.

Ban daɗe ba na ga abin da idona. In lakar tana ɗanya toka-toka take da ratsin shuɗi, warinta irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ya shiga hanci ya zauna a maƙogwaro. Amma in ta sha rana sai ta yi baƙi ta yi gari, ga gashi ga guntayen fata a ciki, wallahi in ba ka sani ba ka rantse takin turke ne mai kyau. Bodin tifar kuwa ta cinye shi, ko'ina faci ne na walda. A bakin ramin akwai darbejiya guda biyu, sun bushe ƙayau a tsaye, kuma kowa ya san darbejiya ba ta mutuwa da wasa. Ruwan da ya kwanta a ƙasan ramin ba kwaɗo, ba sauro. Ko ungulu ban taɓa ganin ta sauka a wurin ba, alhali ga guntayen nama.

Don haka na koyi tuƙi irin na mai ɗauke da mara lafiya. In lulluɓe kaya da tamfol in ɗaure tam. Ba na taka burki da ƙarfi, ba na gudu a kwana. In na zo gadar Wudil sai in sauko da giya in bi a hankali, ina hango masu wanki da masunta da yara masu iyo a ƙasa, ina addu'ar kada ɗigo ɗaya ya sauka. Na daina tsayawa wurin masu abinci in da kaya a bayana. A gida kuma Hanifa ta ajiye mini bokiti da sabulu a zaure, kayan aiki ba sa wuce nan, yara ba sa taɓa ni sai na yi wanka. In na yi sallama sai ta amsa daga ciki, "Sannu da zuwa, mai turare." Ba na jin haushi, don ita ce take wanke kayan, da sanda take juya su a cikin ruwa.

Wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, tayar baya ta sace mini ina ɗauke da kaya. Na lallaɓa na tsaya gefen mai faci, nesa da masu tuya. Ina tsugune ina kwance noti sai na ji an ce, "Direba, ka ɓuya." Yaya ne, ya kawo ɗan akuya kasuwa. Muka gaisa, ya tambayi Hanifa da yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi matarsa A'isha da 'yar autarsu Bilkisu, ya gajiya, ya zafi, ya mutanen gida. Amma duk gaisuwar nan idonsa yana kan motar. Yaya mutum ne mai sanyi, sai ya gama tauna magana yake furta ta, ni kuwa Allah Ya yi ni da saurin hawa. Ya zagaya, ya taka taya, ya ɗaga gefen tamfol, kafin in ce kada ya riga ya damƙo dunƙule guda ya murje a tafinsa yana sansanawa.

"Masha Allah," ya ce. "Ashe abin da ya sa ka yi shiru ke nan. Ka samu wanda ya fi shara."

"Yaya, yar da abin nan ka wanke hannu. Ba taki ba ne."

"Daga ina ka ɗauko?"

"Kamfanin fata."

Ya yi murmushi. "To ai shi ne takin. Ka manta Baba yana tura mu majema da jaki mu kwaso? Gashi ne, da nama, da toka, da bagaruwa, da kashin tattabara. Wace shekara gonar ta fi yin albarka in ba shekarun nan ba?"

Ban manta ba, kuma da gaskiyarsa. Abin da majeman gargajiya suke jima da shi duk daga daji da murhu ya fito, ƙasa ta san shi, tana karɓarsa. Na ce masa kamfani ba da bagaruwa yake jima ba, da wani magani ne. Ya ce wane magani? Sunan ya ƙi zuwa bakina. Ga rana tana dukana, ga taya a kwance, ga 'yan kasuwa sun fara tsayawa suna saurare. Sai na ce da ƙarfi, "Guba ce, Yaya! Wallahi ko yanka ni za ka yi ba zan zuba wannan a gonar Baba ba."

"Guba," ya maimaita, yana goge hannu a gefen rigarsa. "Gubar da kake ɗauka kullum, ga ka nan garau har da tumbi." Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. "Isyaku, hadari ya fara haɗowa. Kowa a Indabo ya zuba taki, gonar Baba ce kaɗai fayau. Takin zamani 'yan siyasa sun ce sai sun hau. In kamfani ne ya hana ka, ka ce kamfani ya hana ni, zan gane. Amma kada ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka ce mini ban san taki ba."

Na yi masa alkawarin zan nemo shara ko daga ina ne. Ya ce to, ya ja ɗan akuyarsa ya tafi. Kuma na nema. Na bi tsofaffin abokan aikina gida-gida a Kano, wanda motarsa ba ta kan dutse ya riga ya yi alkawarin lodinsa har ruwa ya sauka. Tifar kamfani kuwa ko an wanke ta ba zan zuba mata abin da zai je gona ba. Kullum in wuce mararrabar Indabo in kau da kai.

Ranar Asabar ɗin da aka rantsar da sabuwar gwamnati ba mu yi lodi ba, tifata tana ajiye a Wudil ba kaya. Da hantsi ina wurin mai shayi kusa da gada, an kewaye rediyo, kowa yana faɗin abin da farar hula za su kawo. Wannan ya ce wuta, wancan ya ce taki kyauta, wani ya ce shi ya ji har jami'a za a buɗe a Wudil, aka yi masa ihu. Sai ga Maikano, abokin aikina mai jan ɗaya tifar kamfanin. Maikano ba mugu ba ne, son a yaba masa ne ya yi masa yawa. Ya dafa kafaɗata yana washe baki.

"Mutumina, ka gode mini. Na fitar da kai kunya."

"Wace kunya?"

"Shekaranjiya yayanka ya tsayar da ni a mararrabar Indabo. Dattijo guda yana ɗaga hannu a cikin rana, haba! Na juye masa lodi guda a bakin gona, har addu'a ya yi mini. Ni ma na huta da zuwa rami."

Abin da na faɗa wa Maikano a wurin ba zan maimaita shi ba. Ya isa in ce mai shayi sai da ya rage muryar rediyo don a ji da kyau. Na gangara bakin kogi wurin masu ɗibar yashi, na ari shebur da kwanon sarki, na tayar da mota. Gabas ta riga ta yi duhu-duhu, iska tana kawo ƙanshin ruwa daga nesa. In ruwan nan ya sauka a kan lakar ta narke ta shiga ƙasa, ba shebur ɗin da zai sake fito da ita. Abin da yake kaina ke nan har na isa.

Na tarar Yaya ya gama aikinsa tsaf, yadda ya saba. Baƙaƙen tsibi sun jeru a kan farin yashi tun daga bakin hanya har can kusurwar gabas, inda gonar ta ɗan gangara. Yana tsaye yana kwance wa jakinsa mangala. Da ya ga tifa ta shigo cikin gona ba kaya sai ya saki igiyar. Na sauko na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na sa takalmin roba da safar hannu, na ciro shebur.

"Me za ka yi?"

"Kwashewa zan yi, Yaya."

"Kai ka kawo?"

"Ba ni na kawo ba, amma na san inda ake kai ta."

Ya matso kusa da ni, muryarsa ko ɗagawa bai yi ba. "Na roƙe ka ka hana ni. Na tsaya a titi kamar wanda ba shi da ɗan'uwa, sai wani bare ne ya ji tausayina. Ni da jakin nan tun shekaranjiya muke rarrabawa. Yanzu ka zo ka kwashe a gaban maƙwabta? Isyaku, in ka ɗauki shebur ɗaya daga gonar nan, ka ɗauke hannunka daga gandu. Na faɗa maka."

Na san Yaya. In ya ce na faɗa maka, ya faɗa ke nan. Na tsaya da shebur a hannu ina kallon gonar. A nan Baba ya koya mana shuka da diddige, a nan na sha dukan farko saboda na sare dawa na bar ciyawa. Duk tuwon da 'ya'yana suka ci tun haihuwarsu daga nan ya fito. Zuciyata ta yi nauyi ƙwarai, don ban taɓa tsallake maganar Yaya ba tun rasuwar Baba. Sai na ce, "Ka yi haƙuri, Yaya," na soka shebur a tsibin farko.

Ba lakar kaɗai nake ɗauka ba, har da ƙasar da take ƙarƙashinta, don ta kwana biyu a kai. In cika kwanon sarki, in ɗaga, in taka taya, in juye a bodi, in sauko. In na gama layi in matsar da mota gaba. Da Yaya ya ga ina haƙa sai ya ce, "Har ƙasar Baba za ka kai juji?" Na ci gaba da haƙa. Ya koma gindin wani gawo ya zauna, ya naɗe hannu. Maƙwabta suka taru a kan iyaka, na ji wani yana cewa warin kamfani ne ya taɓa mini kai. Ba wanda ya kama mini, kuma ban nemi kowa ya kama ba, don safar hannu ɗaya ce gare ni.

Na yi azahar a gefen mota na koma. Bayana ya ƙage, gumi ya cika takalmin roba har yana ƙara in na taka. Zuwa la'asar na share gonar duka sai kusurwar gabas. Can yashi ne mai laushi, in tifa ta shiga ba za ta fito ba, sai dai in riƙa ɗauko kwano a ka ina kawowa. Na yi sawu kaɗan iska ta taso, ta ɗauke hular wani, ta cika mana ido da ƙasa. Maƙwabta suka watse suna murna, ruwan farko ne. Na ruga na ja tamfol na rufe abin da na loda, na ɗaure. Kafin in juyo an tsuge.

Na tsaya a cikin ruwan ina kallon tsibin da suka rage suna narkewa, baƙin ruwa yana malala yana nutsewa a yashi. Ban san lokacin da na fara kuka ba, ni da gemuna. Yaya ya zo ya wuce ta gabana yana jan jakinsa, bai dube ni ba. Na lallaɓa na fitar da motar kafin ta kafe, na wuce rami kai tsaye na juye.

Damina ta kankama ba mu magana. A wajen jana'iza ko ɗaurin aure mukan haɗu, in gaishe shi, ya amsa da lafiya kawai. Abin da ya fi damuna kuma shi ne gonar kanta ta tsaya a bayan Yaya. Inda na kwashe, ba taki ga shi na ɗebe ƙasar sama, gero ya fito siriri rawaya-rawaya, abin tausayi. Kusurwar gabas kuwa, tirƙashi! Kore shar har yana baƙi, kara kamar rake, ya fi mutum tsawo tun sauran suna gwiwa. Mutane suka riƙa zuwa kallo. A Indabo aka ce Isyaku ya yi wa ɗan'uwansa baƙin ciki, da ya bar takin da bana Dalhatu sai ya ƙara rumbu. Har Hanifa wata rana ta ce, "Baban Nura, anya kuwa?" Na daka mata tsawa, amma ni ma tambayar tana cina.

Na koma wurin dattijon nan mai tari na faɗa masa. Ya ce, "Zai yi kyau mana, akwai gashi da nama a ciki. Ai ban ce maka ba zai tsiro ba. Cewa na yi kada a ci." Na ce ya tabbata maganin yana shiga har cikin ƙwayar? Ya yi tari mai tsawo, ya ce, "Ban tabbata ba. Kai za ka gwada a kan 'ya'yanka mu gani?"

Da gero ya fara ƙosawa na je Indabo na yi sallama a ƙofar gidanmu. Aka aiko a ce Yaya ba ya nan, alhali ga takalminsa a zaure. Raina ya ɓaci, na zagaya bayan katanga daidai ɗakinsa na ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji. "Yaya! Na yarda ka cire ni daga gandu. Amma geron kusurwa kada a ci! Kada a ba yara!" Ba wanda ya amsa, sai wata tsohuwa a maƙwabta da ta ce Allah Ya shirya.

Kaka ta yi, aka yi girbi, ko zangarniya ba a aiko mini ba. Karon farko a rayuwata na shiga kasuwar Wudil na auno gero kamar baƙo. Mai awon ya san ni, ya san Yaya, ya yi mini kirki bai tambaye ni komai ba.

Wata safiya na taso daga Kano da kaya, na haye gada, na kusa mararrabar Indabo sai na hango mutum a bakin titi yana ɗaga hannu. Na ce a raina wane ne wannan yake neman taki da kaka? Da na matso sai na ga amalanken shanu a gefensa, an jibga masa dammunan gero, manya-manyan zangarniyoyi irin waɗanda ban taɓa ganin gonarmu ta yi ba. Yaya ne. Na taka burki a hankali na sauko.

Muka gaisa, wannan karon har ya tambayi Hanifa da yara. Sannan ya nuna amalanken da haɓa. "Na kusurwa ne. Duka, ban rage ko ɗaya ba. Ka kai inda kake kai naka."

Ya ci gaba yana kallon ƙasa. "Jakin nan gashin bayansa ya zube inda mangala ta kwanta, na ce gugar mangala ce. Tafina ya yi ta saɓa, na ce aiki ne. Da ka zo kana ihu a bayan katanga, na ce hauka ce. Ranar da gero ya isa tumu na je kusurwa na karyo mafi kyau, na gasa da kaina a tsakar gida. Ka san Bilkisu da tumu. Ta zo ta tsaya a gabana ta miƙo hannu biyu." Ya ɗago ya dube ni. "Isyaku, hannuna ya ƙi miƙawa. Tana kuka na jefa shi a wuta. Na je na karyo mata na cikin tsamurarren."

"To me ya sa ka girbe, Yaya?"

"Na ce in kai kasuwa. Sai na ga wanda zai saya shi ma yana da tasa Bilkisun. Na ce in fitar a zakka, sai na ji kunyar Allah. Har yau ban ce na yarda guba ce ba, ka ji. Amma na kasa ba kowa."

Muka ɗora dammunan a kan tamfol mu biyu, yana miƙo mini ina jerawa. Mai amalanke ya juya da shanunsa, Yaya ya hau gaba kusa da ni, karonsa na farko a motar nan. Warin ya sa ya toshe hanci da hula. Da muka isa rami ya sauko ya tsaya yana kallon darbejiyoyin nan busassu, ya daɗe yana kallonsu. Na kwance dammunan na tura su kan lakar, na ja da baya zuwa baki, na ɗaga bodi. Geron ya zame tare da ita ya gangara, zangarniyoyin suka ɗan yi iyo a kan baƙin ruwan kafin su nutse. Manomi ne, ya noma abin nan da hannunsa, kuma bai taɓa samun irinsa ba. Na zaci zai kau da kai, amma ya kalla har na ƙarshe ya ɓace.

"Allah ba zai tambaye mu abincin nan ba?" ya ce.

"Ban sani ba, Yaya."

Muka kamo hanyar komawa, har muka kusa hawa kwalta. Ya ce, "Kusurwar nan fa? Baɗi in na gan ta fili, zuciyata za ta ce in shuka. Na san kaina."

"Ka bar mini ita. A ce ita ce rabona."

Ya juyo ya dube ni. "Ka shuka me, kai da ba kwa ga maciji da fartanya?"

"Ba komai. In kewaye ta da ƙaya don kada awaki su shiga."

Muka iso mararraba. Na tsaya, ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Ran Juma'a za a kawo muku na sauran gonar. Ba yawa, kuma tsamurarre ne."

Na ce shi nake so.

Ranar Lahadi na je da gatari na saro ƙaya na kewaye kusurwar, Yaya yana riƙe mini ina ɗaurewa. Duk bazara nakan je in sabunta shingen, shi ne noman da na iya. Ciyawa tana fitowa a ciki ta yi tsawo ta bushe, ba mai yanka. Bilkisu yanzu ita ma uwa ce, in ta kawo 'ya'yanta Indabo suka tambaye ta gonar wa ce wannan da ba a nomawa, sai ta ce musu ta Baffa Isyaku ce, kada su shiga.